An Tafi da Dogo

Zuwa ga Goggona,

Gaisuwa irin ta durƙuso, sai dai takarda ba ta da gwiwa. Yaya ƙafar nan taki da keken ɗinki ya cinye? Ki gaishe mini da Yaya Dogo da matarsa. Ni nan lafiyata ƙalau, sanyi ne kawai ke neman raina ni.

Tunda kin ce ba za ki ƙara doguwar magana a waya ba, wai ana sauraron ma'aikatan kamfaninku, to ga takarda. Ke kika raɗa mini suna Aku saboda maimaita maganar manya, ga shi yau da maimaita maganar manya nake ci. Ni ne tafinta a ofishin jakadancinmu na nan, kuma kwanakin nan bakina bai huta ba.

Ga dalili. Ƙasar nan da nake zaune tana son ƙulla yarjejeniya da tamu, ta riƙa karɓar tufafin da kuke ɗinkawa ba tare da kuɗin fito ba. Amma sun gindaya sharaɗi: sai sun tabbatar ba a tauye haƙƙin ma'aikata, ba a kulle su a wurin aiki, ba a kama wanda ya buɗe baki. Wani kwamiti na majalisarsu zai zo ya gani da idonsa, har kamfaninku yana cikin inda za su shiga. In sun gamsu, a rattaba hannu. Jakada ba ya iya zama wuri ɗaya saboda zancen nan.

Akwai kuma wani abu mai daɗi a ciki. Za a ɗebi wasu ma'aikata a kai su kwas, su koyi sababbin injuna. Ina ma a ce da Yaya Dogo a ciki, ya isa ya bar ɗakin guga haka nan.

Jiya na shiga wani shago na ga riga irin taku a rataye. Na juya kwalar na duba ɗinkin, na ce wannan hannun Goggo ne ko na wadda ta koya wa. Mai shagon ya zaci sata zan yi.

Naki,
Aku

*

Zuwa ga Aku,

Na amsa gaisuwa. Muna nan lafiya lau, mun gode Allah. Ƙafa tana nan inda ka bar ta, ita da keken sun saba da juna, ni ce bare a tsakaninsu.

Takardarka ta iso, bakin ambulan ɗin da manne kashi biyu. Ga alama mutanen gidan waya suna son aikinsu ƙwarai.

Baƙin da ka faɗa mun ji ƙamshinsu tun kafin ka rubuto, ƙamshin fenti. An shafe bangon ɗakin ɗinki fari fat, an kawo fanka sababbi, an ba kowa hular aiki. Ƙofar baya da ka sani, mai sarƙa da kwaɗo, ita ma an yi mata fenti, har sarƙar ta samu rabonta. Watan jiya waya ta yi tartsatsi a ɗakin guga, hayaƙi ya cika ko'ina, mutane suka ruga ƙofar nan suka tarar da ita yadda ka santa. Yarinyar da ke saka maɓalli kusa da ni tana gida har yanzu da ƙafa a ɗaure. Tun ranar bakin yayanka bai zauna ba. Ka san shi, in ya ga abu sai ya faɗa, a gaban kowa, da muryar nan tasa kamar yana kiran wanda ke ƙetaren titi.

An tafi da Dogo ranar Laraba da safe, daga bakin ƙofar kamfani. Waɗanda suka zo da motar sun ce akwai abin da za su koya masa. Ba su faɗi ranar dawowa ba. Ko rigar canji bai ɗauka ba.

Kai ne mai karatu a gidan nan, ka karanta da kyau.

Matarsa tana gaishe ka. Ka riƙa rufe ƙirjinka, ka san ba ka da jiki.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggona,

Barka, barka! Ina fatan kuna lafiya kamar yadda kika ce, ni ma lafiya lau, yau har da ƙari.

Ashe bakina da albarka. Ina rubuta miki fatan a ɗauki Yaya Dogo kwas, ashe har an ɗauke shi. Ban san an fara ɗiban mutane da wuri haka ba, amma na san hukuma na son baƙin su tarar an fara motsi. Maganar rigar canji kada ta dame ki, a irin wannan kwas har kayan sawa ake ba su. Kuma su ba sa faɗin rana, sai an gama.

Takardarki ta same ni ana shirin shiga taro, a tsaye na karanta ta. Da aka zo kan zancen ma'aikata ban iya riƙe bakina ba. Na ce wa Jakada, "Ranka ya daɗe, goggona ma a can take ɗinki, kullum muka gaisa lafiya lau take cewa, ɗanta ma an tafi da shi kwas." Ya ji daɗi sosai, har ya sa aka rubuta lambar layin ɗinkinku, ya ce lallai a kai baƙin wurinki. Saboda haka ki shirya, ki ɗaura ɗankwalin nan mai ruwan ƙasa.

Zancen ƙofar baya kuwa, na tabbata kafin baƙin su iso za a cire sarƙar. Ai abin da yarjejeniyar ta zo gyarawa ke nan.

In Yaya ya bugo, ki ce masa ya daina surutu ya kama karatu.

Naki,
Aku

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Lafiya dai? Shirun ya yi yawa. Kwamitin ya je ya dawo, na ga hotuna, na hango ki a layi da ɗankwalinki, amma ba ki kalli mai ɗaukar hoton ba. Na buga wayar Yaya a kashe. Na buga ta matarsa, ta ɗauka, ta ce lafiya lau, ta ajiye.

Na nemi sunayen waɗanda aka kai kwas don in san garin da yake. Mai kula da sashen ya dube ni ya ce wane kwas, ai sai an sa hannu za a fara.

Na ɗauko takardarki na sake karantawa, a zaune wannan karon. Goggo, don Allah ki rubuto.

Aku

*

Aku,

Wannan ba ta gidan waya za ta bi ba. Matar nan ta unguwarmu mai zuwa can saro takalma ce za ta kawo maka ita a hannu, saboda haka yau zan yi magana da bakina duka. Gaisuwa kuwa ka ɗauka na yi.

Barka ka ce mini. Na karanta barkarka a tsaye a tsakar gida, matar Dogo tana leƙen fuskata ko ka samo mana hanya. Na ninke takardar na ce mata kana gaishe ta. Shekara nawa aka yi ana tura ka makaranta, ka iya yaren mutane har ana biyanka, naka ne ya gagare ka? Yaushe aka taɓa zuwa ɗaukar mutum karatu da mota marar lamba, a danna kansa ciki, takalminsa ɗaya ya faɗi a bakin ƙofa? Takalmin yana nan ƙarƙashin gadona.

Laifinsa ya ce in baƙi sun zo zai kai su ƙofar baya ya nuna musu kwaɗon. A wurin cin abinci ya faɗa, gaban kowa. Na je ofishin 'yan sanda sun ce ba ya hannunsu. Na je gidan yari sun ce babu mai wannan suna. Manaja ya kira ni ofishinsa, ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Baba, in baƙin nan suka tafi da farin ciki, kowa zai yi farin ciki." Na gane.

Duk da haka na yi niyyar faɗa. Ranar da suka zo an cire sarƙar, an ajiye tukunyar fure a gaban ƙofar. Aka kawo su kai tsaye wurina, albarkacinka. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai farin gashi, da 'yar na'urar ɗaukar magana a hannu. Tafintan kamfani yana gefenta, manaja yana bayana, ina jin numfashinsa.

Ta ce yaya nake. Na ce lafiya lau. Yaya aiki? Na ce da godiya. Yaya abokan aiki, akwai wata damuwa? Na ce lafiya lau, mun gode Allah. To me zan ce? Baƙuwa ta taso daga uwa duniya tana gaishe ni, sai in tare ta da kuka tun ba ta zauna ba? Ni ina jira a gama gaisuwa a shiga magana. Ashe su a wurinsu maganar ke nan. Duk layinmu haka muka yi, kowa na jiran a gama gaisuwa, har suka kai ƙarshen ɗaki.

Har ta juya sai ta dawo, ta ce ina da 'ya'ya? Na ce ɗaya, a nan yake aiki. Ta ce yana ina? Na kalli tsakiyar idonta na ce, "An tafi da shi." Tafintan ya faɗa mata wani abu gajere. Ta yi murmushi, ta dafa kafaɗata, ta wuce. Ban san me ya ce mata ba, amma ba abin da na faɗa ba ne, don babu uwar da za ta ji wannan ta yi murmushi.

Washegari sarƙa ta koma wurinta, fure ya koma ofishin manaja.

Tsoro nake ji, Aku, ba zan ɓoye maka ba. Muddin ba a sa hannun nan ba, suna da dalilin ajiye shi da rai, ko da wani zai tambaya. Ranar da aka sa, wa zai ƙara tambaya? Ban ce ka yi komai ba. Na san da bakinka kake ci, na san kuma su waye suka ba ka kujerar. Na dai faɗa maka ne don kada ka sake yi mini barka.

Goggonka

*

Goggo,

Ina gaishe ki. Ba zan tambayi lafiya ba, na ji amsa. Mai takalma ce za ta dawo miki da wannan.

Na shiga wurin Jakada na faɗa masa komai. Ya tashi ya rufe ƙofa da kansa, ya ce, "Ka san mutum nawa za su samu aiki in aka sa hannun nan? Ka bari a gama, ni da kaina zan yi waya a sako shi cikin rufin asiri. Amma in ka tayar da ƙura yanzu, ba yayanka kaɗai zai sha wuya ba." Na ce to yana ina yanzu? Ya ce ba huruminsa ba ne. Wanda bai san inda mutum yake ba, wa zai buga wa waya?

Mako mai zuwa majalisarsu za ta zauna ta yanke shawara. Rahoton kwamitin ya ce ma'aikata ba su da koke ko ɗaya. Za a kunna muryar ma'aikaciya guda don shaida, kuma Jakada ya roƙa a kunna taki, tunda ke ce dattijuwar da ke lafiya lau. Na ga fassarar da tafintan kamfani ya yi. A inda kika ce an tafi da shi, ya rubuta, "Ya yi tafiya."

Ni za a sa a ɗakin gilashi na tafintoci in fassara muryarki kai tsaye. Jakada ya ce aikin mai sauƙi ne, in bi abin da ke rubuce.

In na kauce, ban san a kan wa abin zai faɗo ba, ni ko ke ko shi. In na bi, kin riga kin faɗa mini abin da zai biyo. Ba lokacin da amsarki za ta iso kafin ranar. Ki yi mini addu'a, kuma in da hali ki kwana gidan ƙanwar matar Yaya a makon nan.

Aku

*

Zuwa ga Goggona,

Gaisuwa da fatan wannan ta same ki a inda na ce ki je. Ni dai ina numfashi.

An yi zaman. Zaure ne babba, kujeru a jere kamar rabin ƙwarya, kowa da abin sauraro a kunne. Ni ina can sama a ɗakin gilashi, ni da makirfo da kofin ruwa. Jakada yana layin gaba, ina hango ƙeyarsa.

Aka kunna. Ƙarar kekuna ta fara fitowa, sai muryarki. Kin san tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin muryarki ta cika ɗaki haka ba? Kika ce lafiya lau, na ce lafiya lau a yarensu. Kika ce da godiya, na faɗa. Dokar aikinmu ke nan, ba ƙari ba ragi. Ina ganin kawuna suna gyaɗawa. Har zuwa nan ban san abin da zan yi ba, wallahi. Takardar tana gabana, yatsana a kan layin.

Sai kika ce, "An tafi da shi." Na ji yadda kika ja numfashi kafin ki faɗa. Bakina ne ya riga ni, kamar yadda ya saba tun ina yaro. Na maimaita abin da kika faɗa daidai: wasu sun tafi da shi.

Dattijuwar nan mai farin gashi ta ɗaga hannu aka tsayar. Ta duba takardarta, ta ɗago ta kalli gilashin, ta ce, "Tafinta, a nan an rubuta ya yi tafiya. Wanne ne daidai?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, a yarenmu in mutum ya tafi da ƙafarsa, cewa ake ya tafi. In aka ce an tafi da shi, wasu ne suka ɗauke shi, mai maganar kuma ba ta ambaci sunansu ba."

Ta ce, "Me ya hana ta ambata?"

Na ce, "Wannan ba fassara ba ce, sai dai a tambaye ta. A tambayi kuma wanda ke tsaye a bayanta."

Ta sake duba takardarta. Sannan ta ce, "Amma ta ce tana lafiya. Dukansu sun ce suna lafiya."

Na ce, "Gaisuwa kuka yi musu suka amsa. A wurinmu ko a gadon asibiti aka gaishe da mutum, lafiya lau zai ce. Magana tana zuwa ne bayan haka."

Ta cire tabaraunta ta ajiye. Na ga fuskarta ta sauya, ina jin ta tuna murmushin da ta yi miki. Jakada bai waiwayo ba ko sau ɗaya, wuyansa dai ya yi tauri.

Sun ɗage sa hannun. Sun ce ba za su koma kan teburi ba sai wakilinsu ya ga Yaya Dogo ido da ido, sai kuma an sake zuwa kamfanin ba sanarwa, da tafintansu. Kada ki ɗauka duka suna tare da mu. Wani mai ƙaton ciki ya miƙe yana faɗa, wai saboda mai guga ɗaya za a tsayar da jiragen ruwa.

Da na koma ofis katina ya ƙi buɗe ƙofa. Mai gadi ya miƙo mini kayana a kwali, yana kallon ƙasa. An ce in koma gida in yi bayani, amma na san irin motar da za ta tare ni a filin jirgi, don haka ina nan a ɗakin wani abokina tukuna.

Ban sani ba ko na taimaki Yaya ko na ƙara masa. Wannan ne ke hana ni cin abinci. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Naki,
Aku

*

Zuwa ga Aku,

Na amsa gaisuwarka. Na so in rubuto tuntuni, mai takalma ce ba ta yi tafiya ba, ni kuma na daina ba gidan waya aikin manne.

Bayan zamanku an sha wuya. Manaja ya tara mu ya ce wata tsohuwa da ɗan ɗan'uwanta sun zubar wa kowa abinci a ƙasa. An karɓe kekena. Matan da muka tsufa tare a layi ɗaya, wasu sun daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsu ba, suna da bakunan ciyarwa. Yarinyar nan mai maɓalli ce kaɗai ta ɗingiso har gida ta zauna da ni.

Ranar Litinin da hantsi ina wanki, na ji mota ta tsaya a bakin layi ta wuce. Can sai ga mutum a bakin ƙofa, ya dafa bango. Na ɗauka mai neman taimako ne, har na ce Allah ya ba da haƙuri. Sai matarsa ta saki kwanon da ke hannunta.

Ya dawo, Aku. An yi masa aski, an sa masa sabuwar riga, irin tamu ce ma, na gane kwalar. Washegari aka zo aka kai shi wani otal, wakilin baƙin nan ya gan shi ido da ido kamar yadda suka nema, aka ɗauki hoto. Na ji a rediyo za a sa hannu ƙarshen wata. An cire sarƙar ƙofar baya, wannan karon har da ƙarfen da ake rataya ta. Ko za ta dawo, Allah masani.

Kada ka zo yanzu. Ka zauna inda kake, ka ci abinci, ka rufe ƙirjinka. Barkar nan da ka yi mini na yafe, ka biya ta da tsada. Sunan da na raɗa maka don tsokana kuwa, yau ba ni da abin da ya fi shi.

Ka tambaya ko ka taimake shi. Yana da rai, yana ɗakinsa, ina jin tarinsa daga nan. Hannunsa na dama ba ya rufuwa, ko cokali da hagu yake ɗauka, dutsen guga kuwa sai dai kallo. Mutumin da ake ji daga ƙetaren titi, yanzu sai na matsa kusa nake jin abin da ya ce. In mota ta tsaya a waje sai ya bar tauna. Na ɗauko masa takalminsa ɗaya daga ƙarƙashin gado, ya juya shi a hannu kamar na wani.

Jiya na zauna kusa da shi na ce, "Dogo, yaya jikin?" Ya ce, "Lafiya lau, Inna."

Na zauna ina jira a gama gaisuwa a shiga magana. Har yanzu ina jira. Kai ne tafinta, ka fassara.

Goggonka